Kason Naman da Bakina Ya Bayar

Zuwa ga Dagny, mai filin shawarwari,

Yau Alhamis, ashirin da biyu ga Satumba, 1988. Na tashi da nauyin ƙirji kamar kullum, ƙuguna na hagu ya hana ni sa safa sai da na zauna na yi ta lallaɓa shi, amma na sha ƙwayoyin zuciyata biyu, na ci rabin yankan burodi. Na faɗi wannan don ki san irin wanda ke rubuto miki. Ki taimake ni. Shekarata tamanin da ɗaya, ban taɓa rubuta wa jarida wasiƙa ba. Matata Elvy ce mai karanta filinki, ni kuwa dariya nake yi mata. Yau shekara huɗu da rasuwarta, ga ni ina ƙwanƙwasa ƙofar da na raina. In za ki buga, ki sauya sunayen mutane, ƙauyenmu ƙarami ne.

Muna arewa da garin Gävle, cikin dajin da ruwan nan ya sauka a kansa a ƙarshen Afrilu, shekarar da tashar nukiliyar Chernobyl ta fashe, shekara biyu ke nan. Ina tuna ruwan, ruwa ne kamar kowane ruwa. Har fita na yi na gyara zaman ganga a ƙarƙashin indararo, ina murna zan sami na ban furannin Elvy. Shekara shida na yi a makaranta, a zamanin da malami ke koya mana cewa abin da ke cutar da mutum, ko dai ka gan shi, ko ka ji warinsa, ko ka tafasa ruwa ya mutu. Abin da ruwan nan ya kawo kuwa ba launi, ba wari, tafasa ba ta kashe shi. Ban san yadda ake zama da irinsa a gida ɗaya ba.

Ba don kaina nake rubutowa ba, ko in ce ba don kaina kaɗai ba. Bari in fara daga farauta, don can abin yake.

Mu goma sha biyu ne a ƙungiyarmu ta farautar alg, babban naman dajinmu. Shugabanmu Sixten, ɗan abokina ne, a gabana ya koyi riƙon bindiga, yau shi ma furfura ta cika masa kai. Shekara shida ke nan da na ajiye bindiga saboda idona, amma ba su cire ni ba, domin ina da aikin da ba kowa ake ba wa ba. Idan an gama farautar Oktoba, nama ya sha rataya, an feɗe, an daddatsa, sai a kasa shi tuli goma sha biyu a kan dogon teburin rumfar fiɗa. Komai ƙoƙarin mai sikeli, wani tulin ya fi wani. Shi ya sa mutum ɗaya zai juya baya, ya sa fuskarsa a bango. Shugaba ya nuna tuli da bakin wuƙa ba tare da ya ce wanne ba, ya tambaya, “Wannan na wa?” Mai juya baya ya kira suna. Wanda aka kira ya ɗauka, babu gardama, babu ƙorafi, domin wanda ya raba bai gani ba. Shekara arba'in da ɗaya ni ne mai juya baya. Ba a taɓa faɗa kan nama a ƙungiyarmu ba, alhali na san ƙungiyoyin da 'yan'uwa suka daina gaisawa saboda cinya ɗaya. Suna ba ni kasona daidai da na kowa. Sixten kan ce, “Tsohon nan da baki yake harbi, kuma bai taɓa kuskure ba.”

A shekarar hatsarin mun aika da tsoka awo kamar yadda aka umarta. Dabbobi uku suka wuce ƙa'ida. Aka kawo motar haƙa, aka binne su a ramin tsakuwa, da fatarsu da komai. Na ga Sixten ya cire hula ya tsaya a bakin ramin kamar a maƙabarta. Da shekara ta zagayo, sai hukuma ta ɗaga ƙa'idar naman daji daga bekarel ɗari uku a kilo zuwa dubu da ɗari biyar, bekarel kuwa shi ne ma'aunin gubar. Biyu daga cikin waɗanda muka binne da sun wuce lafiya lau. A taronmu na kafin farauta Sixten ya buga tebur ya ce, “Wato gubar ta saurari rediyo ne ta rage ƙarfi? Bara ɗari uku za ta kashe mu, bana sai dubu da ɗari biyar. Baɗi za su ce magani ce, a ba yara cokali-cokali! Ko sun yi mana ƙarya bara, ko suna yi mana bana. Wanda ya yarda ba za mu ƙara aika musu ko tsoka ɗaya ba, ya ɗaga hannu.” Hannu goma sha ɗaya suka tashi. Na duba hagu, na duba dama, na ɗaga nawa. Ba don na yarda ba. Mutumin da ba ya harbi, ake ba shi nama, ba shi ne zai fara cewa naman da guba ba.

To, bara ba a auna komai ba. Aka kashe manyan alg huɗu da ɗan maraƙin alg ɗaya. A al'adarmu, gadon bayan maraƙi da hantarsa ba a rarraba su, a tuli ɗaya ake ɗora su, muna kiransa kason sa'a. Sauran jikinsa ne ake watsawa cikin sauran tulin. Nama ne mai laushi, ko marar haƙori zai ci.

Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, har Elvy. Akwai katako ɗaya a daɓen rumfar, a ƙarshen teburi ta wajen ƙofa, da ke yin ƙara in an taka shi. Kuma mai sikeli, don sabo, kullum a can yake ajiye kason sa'a, saboda shi ake haɗawa a ƙarshe. Na daɗe da lura. Ido ya tafi amma kunne yana nan. Shekara da shekaru ina jin ƙarar nan, ina toshe zuciyata: tun kafin in juya baya nake jera sunaye a kaina, in kira su a jere, komai abin da na ji. Bara ne kawai na saɓa.

Akwai ƙaramin cikinmu, Mats-Ola, mai aiki a injin yankan katako. Matarsa Carina tana da ciki wata huɗu a lokacin, bayan sun yi ɓari sau biyu. Ta rame, ba ta iya cin komai. Da na ji katakon ya yi ƙara, Sixten ya ce, “Wannan na wa?” sunan da ke kan layi na Helmer ne. Sai na ji bakina ya ce, “Mats-Ola.” Rumfar ta kaure da tafi. Wani ya ce, “Kai, Allah ya san mai ciki!” Sixten ya dafa kafaɗata ya ce, “Tsoho, bakin nan naka a sa shi a coci.” Na koma gida ina jin daɗi, in gaya miki gaskiya. Ha'incin farko a shekara arba'in, kuma na ɗauka alheri na yi.

Bayan Kirsimeti na karanta a jarida cewa a cikin dabbobin daji, 'yan maruƙa ne suka fi ɗaukar gubar. Na karanta sau uku da gilashin ƙara girma. Wato a duk teburin nan, tulin da ya fi kowanne haɗari shi na zaɓa da kunnena na miƙa wa mace mai ciki. Da ƙuri'a ce ta faɗa mata, sai in ce haka Allah ya so. Amma ba ƙuri'a ba ce, ni ne.

An haifi yarinyar a Maris, Linnea, 'yar mitsitsiya, nauyinta bai kai yadda ake so ba. Sau biyu an kai ta asibiti saboda ciwon kunne da tari. In na je coci, a bayansu nake zama, ina ƙirga tarinta maimakon in saurari wa'azi. Ran Lahadin da ta wuce sau tara.

Ni kuwa kasona, na bara da ɗan abin da aka raba shekarar hatsarin, ko tsoka ban ci ba. Na naɗe kowane ƙunshi, na rubuta a jikinsa dabbar da ranar da aka kashe ta, kamar yadda Elvy take yi, na jera a firiza. Na ji an ce bayan 'yan makonni gubar ta fita daga madara har an saki shanu kiwo, shi ne na ce bari in bar naman ya daɗe cikin sanyi, wataƙila ta huce. Ban san shekara nawa take bukata ba. Firizar tana ƙaramin ɗakin da ke manne da ɗakin kwanana, bango ɗaya ya raba ta da kan gadona. Tun watan Janairu na bar gadon, na koma kwana a kan dogon bencin kicin, shi ya ƙarasa mini ƙugu. In zan wuce ƙofar ɗakin nan, numfashi nake riƙewa, ni da ba ni da na ajiya. Gidan da na gina da hannuna mai ɗaki huɗu ya koma ɗaki ɗaya. Na daina kamun kifi a tafki. Naman kaza yana fitowa har bakin matakalata, ina kallo yana ruɓewa. Dankalin da na shuka, rabinsa nake ferewa in zubar. Tokar murhu da na saba zuba wa shuke-shuke, na tara ta a bokitai bakwai, ban san inda zan kai ta ba. In hadari ya haɗo sai in rufe tagogi, ko da yake na san wancan ruwan ya riga ya sauka.

In Sixten ya tambaye ni, “Ya naman, tsoho?” sai in ce, “Kamar man shanu.” Ya ce, “Ka ga? Ga ka nan garau, su kuwa masu awo duk gyambon ciki ya kama su.” Mu yi dariya tare.

'Yata Gunnel tana Malmö. Tun hatsarin ba ta kawo jikokina ba, ban kuma ga laifinta ba. Duk Lahadi a waya magana ɗaya ce: “Baba, ka zubar da naman nan, ka sayar da gidan, ka taho a samo maka ɗaki a gidan tsofaffi.” In zubar a ina? In na binne, rijiyata tana nan kusa. In na sa a shara, Helmer ne ke tuƙa motar shara, shi da na hana kasonsa, zai ga ƙunshin naman ƙungiya da rubutun hannuna a jiki. Gidan kuma wa zai saya a nan yanzu?

Da haka zan ci gaba da lallaɓawa har in mutu da abina, ba don abin da ya faru ran Asabar ba. Na haɗu da Carina a kanti, yarinyar tana cikin keken turawa. Ta riƙe hannuna ta ce, “Kaka, ka ga 'yarka ta fara cin dankali da karas. Nas ta ce nan da mako biyu a fara ba ta nama. Ka san me na ɓoye mata? Gadon bayan maraƙin nan da bakinka ya ba mu. Na hana Mats-Ola taɓa ƙunshi biyu, har faɗa muka yi. Na ce naman sa'a za ta fara ci a duniya.” Na buɗe baki, Dagny. Na rantse na buɗe. Abin da ya fito shi ne, “Allah ya raya ta.” Na bar madarar da na je saya a kan teburin kantin, na fito.

Yanzu ki duba inda nake. In na yi shiru, za a niƙa naman nan a ba jaririya a cokali, kuma ran goma ga Oktoba za a shiga daji, bayan nan in sake juya baya in rarraba wa mutane abin da ni kaina ba na ci. In na ce wa Carina kada ta ba ta, za ta ce don me, maganar ta kai kunnen Sixten, in zama tsohon da ya ɗaga hannu a taro sannan ya zagaya yana tsorata matan mutane. In kuma na faɗi gaskiya duka, to shekara arba'in da ɗaya na rabo sun zama abin zargi. Kowa zai zauna ya tuna shekarar da bai sami kaso mai kyau ba. Za su sa wani ya juya baya. Kada ki ga kamar ƙaramin abu ne. Makon farauta ne kaɗai a shekara ake zuwa da mota a ɗauke ni, a ba ni kujera kusa da wuta, a zuba mini kofi, a tsokane ni. Sauran makonni hamsin da ɗaya, muryar da nake ji a gidan nan ta rediyo ce. An ce tsoro na daji, kunya ta gida. Ni duka biyun sun tare a gidana.

Tambayoyina ga su, in kin iya tsamo su daga wannan surutu. Shin ni na jawo wa yarinyar nan ciwo? Naman da ke firizata yana cutar da ni ta bango? Ya huce, ko yaushe zai huce? Kuma dole ne in faɗi maganar katakon, ko zan iya tsare yarinyar in tsare mutuncina?

Ran Litinin na yi ƙarfin hali na kira Sixten. Na ce ya zo yau Alhamis da ƙarfe biyu, akwai maganar rabo da nake so mu yi. Ya ce, “Lafiya, tsoho? Wuyan ne ya ƙi juyawa? Sai mu juya teburin.” Na ce ba wasa nake ba. Ya ce to, zai zo. Na dafa kofi, na fito da kofunan Elvy masu bakin zinariya, na sa farar riga. Na fara wannan wasiƙa ne don in rage zaman jira. Yanzu biyar ta wuce, kofin ya huce, na ɗumama shi, ya sake hucewa. Motoci biyu sun wuce a hanya, ba tasa. Bai zo ba, bai kuma kira ba.

Mai Juya Baya

*

Dattijo Mai Juya Baya,

Ba ka sa adireshi ba, da na kira ka a waya ranar da wasiƙarka ta iso. Shi ya sa na tsallake da ita gaban wasu, ta fito a wannan makon. Na sauya sunaye kamar yadda ka roƙa. Na kuma kai tambayoyinka wurin wata ma'aikaciyar ɗakin awo da ke auna nama da madara tun makon hatsarin, don kada in gaya maka abin da ban sani ba.

Mu fara da gadonka. Ka koma kansa yau. Naman da ke cikin firiza ba ya cutar da kai ta bango, ko da rungume da firizar kake kwana. Haɗarin irin wannan nama a ci ne, kuma a yawan ci. Bencin kicin ya yi wa ƙugunka ɓarnar da firizar ba za ta taɓa yi ba.

Sai dai naman bai huce ba, kuma ba zai huce a sanyi ba. Abin da ya fita daga madara cikin makonni wani iri ne mai gajeren rai. Wanda ke cikin naman daji, siziyom, sai ya shekara talatin kafin rabinsa ya tafi. Amma ga abin da ba a gaya maka ba: a jikin mai rai ba ya zama haka. Jiki yana fitar da shi, rabinsa cikin kamar wata uku ga babba, ga yara ma ya fi sauri. Abin da Carina ta ci bara, mafi yawansa ya riga ya bar jikinta.

Ka tambaya ko kai ka jawo wa yarinyar ciwo. Ba wanda zai ba ka takardar shaida a kan lafiyar kowane yaro, ni ma ba zan ba ka ba. Amma wadda na tambaya ta ce 'yan kilo na nama, ko da sun wuce ƙa'ida, abin da suke ƙara wa jiki kaɗan ne, kuma ciwon kunne da tari ba alamarsa ba ce. Kowane asibitin yara cike yake da su tun kafin a gina tashar nukiliya ta farko. Ka daina ƙirga tari a coci.

Sixten yana da hujjar fushinsa. An sa shi ya binne abincin iyalai goma sha biyu, aka dawo aka sauya lamba ba tare da an zauna an yi masa bayani ba. Bayanin shi ne, lambar farko an yanka ta ne kamar naman daji abincin kullum ne irin madara da burodi, daga baya aka yi la'akari da cewa yawancin mutane jefi-jefi suke cinsa. To amma ku ba yawancin mutane ba ne, firizarku cike take da shi duk hunturu. Wannan dalili ne na ku riƙa awo fiye da kowa. Fushi da hukuma daban, cokalin jaririya daban, kuma hannun da aka ɗaga a taron maza ba ya ɗaure uwa a kan abincin 'yarta.

Saboda haka abu na farko, kafin ka ajiye jaridar nan: ka kira Carina. Ita, ba mijinta ba, ba Sixten ba. Ka ce mata ka karanta cewa maruƙa sun fi ɗauka, naman bara ba a auna shi ba, ta dakata da ƙunshin nan biyu, ta fara wa yarinya da naman kanti. Ba sai ka kawo zancen katako ba. Uwar da ta yi ɓari biyu ba za ta tsaya yi maka shari'a ba, ajiye cokalin za ta yi.

Na biyu, a wasiƙarka ka ce sauran jikin maraƙin an watsa shi a kowane tuli, kuma ka rubuta wa kowane ƙunshi suna. Ke nan maraƙin nan yana cikin firizarka. Namanka ne, ba ka bukatar izinin kowa. Ka kira ofishin kula da lafiyar muhalli na ƙaramar hukumarku, za su gaya maka inda ake kai samfur da yawan da ake so. Ka haɗa da na manyan, ka kuma tambaye su inda za ka kai tokar nan da duk naman da ya wuce ƙa'ida. Shekara biyu kana tsoron lambar da ba ka sani ba. Wataƙila ta fito ƙasa, ka soya abinka. Wataƙila ta fito sama, ka sami takardar da za ka ajiye a gaban Sixten kafin a shiga daji. Ko wacce ce, ta fi wannan duhun.

Saura maganar katako, kuma a nan ba zan shafa maka mai ba. Ha'inci ne. Mutum goma sha ɗaya sun yarda ba ka gani, Helmer kuma ya rasa abin da yake nasa. Kyakkyawar niyya ba ta goge wannan. Amma ka auna shi da ma'auninsa: shekara arba'in kana jin ƙarar nan kana kame bakinka, sau ɗaya tausayi ya rinjaye ka. Za ka iya tsare yarinyar ba tare da ka faɗa ba, wannan gaskiya ne. Abin da ba na jin za ka iya shi ne ka sake tsayawa a gaban bangon nan, katakon ya yi ƙara, kana sane. Shawarata, ka gaya wa Sixten ku biyu, ka nemi afuwar Helmer da bakinka, ka ce a buga wa katakon ƙusa ko a riƙa sauya wa tulin wuri. Yana yiwuwa su ba wani aikin. Ba zan yi maka alkawarin ba za su yi ba, kuma na san abin da makon nan yake a wurinka. Amma mutanen da suka shekara shida suna zuwa da mota su ɗauke ka, ba na jin don wuyanka kaɗai suke zuwa.

Rashin zuwan Sixten kuwa, kada ka yanke wa kanka hukunci da shi. Ana saura kwanaki a shiga daji, shugaban farauta ba ya sanin inda kansa yake. In ma ya hango inda maganar ta dosa ya ji nauyi, to shi ma tsoro yake ji, ya lulluɓe shi da barkwanci. Ka sake kiransa. In bai zo ba, ka roƙi Mats-Ola ya kai ka gidansa. Ran Lahadi kuma ka karanta wa Gunnel wasiƙar nan taka a waya, tun daga farko. Tana ta ba ka amsar tambayar da ba ita ke damunka ba, domin ba ta san ainihin ba.

Carina tukuna, sauran su biyo baya. Allah ya ba ka lafiya da ƙarfin zuciya, ya raya Linnea, ya sa a yi rabon bana kowa ya san abin da ya kai gida.

Dagny